Tambayi Likita: katin inshorar lafiya ga dattawa da masu buƙata ta musamman

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato yadda tsoho ko mai buƙata ta musamman zai shiga inshorar lafiya ta gwamnati. Na haɗa masu kama da juna, na gajarta wasu.

Likita, mahaifiyata tana da shekara 72, ba ta taɓa aikin gwamnati ba, kuma ba mu da ƙarfi. Akwai hanyar da za ta shiga? (Daga Kano)

Akwai. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta ware rukunin masu rauni da gwamnati ke biya wa: tsofaffi, masu buƙata ta musamman, mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar da marasa galihu. Babbar hanyar kuɗin ita ce asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rajistar kuwa ba sai an je Abuja ba, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ce ke yi. A Kano ita ce KSCHMA, a Kaduna KADCHMA, a Jigawa JICHMA, sauran jihohi ma kowace da tata.

Ka fara da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, ta Hajiya, don ba a rajista sai da ita. In ta ɓace, a danna *346# a layin da aka yi rajistar NIN ɗin da shi. Daga nan ka je asibitin matakin farko na mazaɓarku, ka nemi shugaban asibitin ko ɗan kwamitin cigaban mazaɓa, ka tambayi ranar da masu rajista za su zo. Dole ta je da kanta saboda hoto. A duba sunanta da ranar haihuwa su yi daidai da na NIN harafi da harafi, domin "Hauwa" a nan "Hauwa'u" a can ya isa ya maƙale katin mutum wata da watanni. Sai dai ka sani gurbin kowace mazaɓa ƙidayayye ne, ba duk wanda ya cancanta ke samu a zagayen farko ba. In ta rasa, a tabbatar sunanta ya shiga jerin masu jira. Kafin katin ya fito, in ta ji wani ciwo a kai ta asibiti.

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Katina zai ɗauki mahaifina? (Daga Zariya)

A'a. Katinka na kai ne da matarka ɗaya da 'ya'yan cikinka huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Baba sai ka biya masa daban. Kuma kada ka kai shi da katinka da sunanka: bayanin jininka da magungunanka ne a fayil ɗin, ana iya yi masa magani a kan tarihin da ba nasa ba.

Na yi ritaya bara, na je asibiti aka ce sunana ya fita. (Ɗan fansho, Katsina)

Haka tsarin yake, Malam, gudummawar daga albashi ake cira, albashi ya tsaya ita ma ta tsaya. Ka je ofishin NHIA na jiha ka nemi shirin GIFSHIP, wanda mutum ke biyan kuɗin shekara da kansa, ko ka tambayi hukumar jiharku abin da ta tanadar wa 'yan fansho. In kana kan wani magani na kullum, kada ka tsayar da shi kana jiran kati.

Likita, Babanmu ya ƙi yarda a yi masa rajista. Ya ce neman katin asibiti da lafiyarka kiran ciwo ne da rashin tawakkali, in ciwon ya zo a yi. Yana da hawan jini, amma ya bar shan ƙwayar tun watanni huɗu saboda tsada, yanzu wanzami ke yi masa ƙaho yana kuma shan jiƙo. Ya ce ya ji sauƙi. (Wata 'yarsa, Gusau)

'Yar'uwa, wannan wasiƙar ita ta fi tayar mini da hankali, kuma maganar kati ba ita ce ta farko ba. A auna jinin Baba yau, ba gobe ba. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ya koma wurin likita a mayar da shi kan magani. In ya kai 180 bisa 120, ko yana ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ƙirji na ciwo, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

"Na ji sauƙi" ba hujja ba ce a hawan jini. Cutar ba ta da zafi. Mutum na iya shekaru jininsa a sama yana zuwa kasuwa yana dawowa, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna lalacewa a ɓoye. Ranar da za ta bayyana, sau da yawa da shanyewar ɓarin jiki take zuwa. Ƙaho kuma, don Allah a daina yaudarar tsofaffi da shi a kan wannan cuta. Hawan jini ba yawan jini ba ne da za a zuƙe a rage, matsewar jijiyoyi ne. Ko an cika ƙwarya da jinin da aka tsotsa, jijiyoyin suna nan a matse, ga haɗarin askar da aka yi wa wani aiki da ita. Jiƙon kuwa ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, kuma ƙodar ɗan shekara saba'in mai hawan jini ba ta da ƙarfin ɗaukar gwaji. In ta mutu, wankin ƙoda na dogon lokaci ba ya cikin abin da katin ke biya. Gida da gona ake sayarwa.

Yanzu ga katin. "In ciwo ya zo a yi" ba ya aiki, saboda dalili biyu. Na farko, rajistar masu rauni lokaci-lokaci ake buɗe ta, ba ranar da mutum ya ga dama ba. Na biyu, ko kuɗi kuka biya, akwai kwanakin jira tsakanin biya da ranar da sunan zai isa asibitin da kuka zaɓa. Wanda ya faɗi ranar Talata aka yi masa rajista ranar Laraba, kuɗin wannan kwanciyar daga aljihun 'ya'yansa zai fita. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya yi rajista ya tambayi ranar da katin zai fara aiki, a rubuta masa. Kuma ainihin amfanin katin ga irin Baba ba ranar faɗuwa ba ne. Awon jini ne duk wata, da ƙwayoyi irin su amlodipine da ake sha sau ɗaya a rana, waɗanda su ne ke hana faɗuwar. Wato matsalar tsadar da ta sa ya bar magani ita katin ya zo ya rage.

Batun tawakkali ba fagena ba ne, amma kowa ya san an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Tsarin kansa karo-karo ne: ana tara kuɗi wuri ɗaya, wanda ya kwanta a yi masa magani da shi, shi ya sa jihohinmu suka kira shi taimakekeniya. Kada ku 'ya'ya ku yi ta musu da shi, dattijo ba ya son a ce yara sun kayar da shi. Ku sami limaminsu ko wani amininsa mai kati ya yi masa magana. Kafin nan duk gidan su haddace waɗannan alamu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta rasa ƙarfi, magana ta sarƙe. In an ga ɗaya, ba shafa mai, ba hayaƙi, ba ɗura ruwa a baki domin yana iya shaƙewa. Mota kawai, asibiti.

Kuturta ta cinye mini yatsu. Na ji sai da zanen yatsa ake NIN. (Daga Sakkwato)

Rashin yatsu ba ya hana NIN. Jami'in zai shigar da cewa babu su, a ɗauki hotonka. In wani ya kore ka, nemi shugaban ofishin. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, tana bayanka. Ka tafi da takardar likitan asibitin gwamnati mai bayyana lalurarka, kuma ka sa sunanka a ƙungiyarku ta masu buƙata ta musamman, don sau da yawa ta hannun shugabanninta ake tattara sunaye. Duk gyambon da ya fito a tafin ƙafa, ko ba ya zafi, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Kakata tana da kati, amma yanar ido ta rufe mata gani. An ce akwai mai cirewa a gida cikin minti biyar, da araha. (Daga Haɗeja)

Kada ku kuskura. Ba cirewa yake yi ba. Tsinke yake sokawa ya tura ƙwayar da ta yi fari ta faɗa cikin idon. Tsohuwa za ta ga haske kwana biyu a yi ta murna, daga baya kumburi da hawan jinin ido su biyo, idon ya mutu mutuwar da babu likitan da zai tashe shi. Aikin asibiti cire ƙwayar ake yi a sa ta roba a madadinta, yawanci ba ya kai awa ɗaya.

Ku bi hanyar katin: ku fara da asibitin da aka yi mata rajista, domin can ake tura kuɗinta duk wata, shi ya sa katin ba ya aiki a wani wuri sai a gaggawa. Su za su rubuta takardar turawa babban asibiti, a nemo lambar amincewa daga hukumar. Wanda ya tsallake wannan ya wuce babban asibiti da kansa, shi zai biya. Ku tambaya tun kafin ranar aiki ko tsarinta ya ɗauki tiyatar, a faɗa muku abin da ya rage a kanku.

Wani ya ce in ba shi dubu biyar ya sa sunan mahaifiyata a na masu rauni.

Kyauta ake yi. Kada ka ba shi, kada kuma ka ba shi lambar NIN ɗinta. Ka kai ƙara hukumar jiha.

Muna da kati amma kullum sai a ce babu magani, mu saya a waje.

Ku saya kada a fasa sha, ku riƙe takardar likita da rasit, ku kai koke ga jami'in inshora na asibitin, in bai yi komai ba ku wuce hukumar. Ma'aikatan tarayya kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani kawai ya kamata su biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a koma wa "haɗin" mai kemis na ciwon gwiwa. Yawanci diclofenac ne da dexamethasone, suna huda ciki, suna tayar da suga da hawan jini. Tsohon da ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta bayan shan su, jini ne, a kai shi asibiti a ranar.

Mu a Gana fa? Kakana ya haura saba'in. (Daga zangon Kumasi)

A inshorar lafiya ta ƙasar Gana, NHIS, ɗan shekara 70 zuwa sama ba ya biyan gudummawar shekara, sai ɗan kuɗin aikin kati. A je ofishin gunduma da Ghana Card, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara ta *929#, domin katin da wa'adinsa ya ƙare ba a karɓarsa a asibiti.