Hukuncin Sabuwar Giyar Inabi Da Ake Fitarwa Bayan Girbi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Duk watan Nuwamba abokan karatuna kan yi shagalin fitowar wata jar giya, Beaujolais Nouveau. Suna ce mini ba ta daɗe ba, kusan ruwan inabi ce. Shin ba irin nabizin da Manzon Allah (SAW) ya sha ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wannan giya ce cikakkiya, shanta haramun ne.

Ana tsinko nau'in inabin da ake kira Gamay a yankin Bojole (Beaujolais), arewa da garin da kake, wajajen Satumba. A zuba shi curi-curi cikin tankuna a rufe, cikin 'yan kwanaki zaƙinsa ya rikiɗe ya zama barasa. Tun 1985 aka tsayar da Alhamis ta uku a Nuwamba ta zama ranar fito da ita kasuwa. Sauƙin da ake ce tana da shi a harshe ne kawai, don ba ta da baurin tsohuwar giya. Amma juya kwalbar ka karanta: barasar cikinta kan kai kashi 12 zuwa 13 cikin 100, fiye da ninki biyu na giyar hatsi da aka saba gani.

Shari'a kuwa ba ta rataya hukuncin ga daɗewa ba, ga maye ta rataya shi. Allah Ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, Ya ce a nisance ta. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya toshe ƙofar "ɗan kurɓi": abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne.

Nabizi dabam yake. Dabino ne ko zabibi da ake jiƙawa a ruwa don ya yi zaƙi. Ibnu Abbas ya ce Annabi (SAW) yakan sha shi ranar da aka jiƙa, da washegari, har zuwa yammacin kwana na uku. Abin da ya rage sai a ba mai hidima ko a zubar. Kwana uku ke nan, don gudun kada ya tsima. Ina dalili ga wadda da gangan aka tsima ta, ta kuma yi makonni? Ko Imamu Abu Hanifa, da aka san shi da sassauci a wasu nau'o'in nabizi, bai yi saɓani ba kan ɗanyen ruwan inabin da ya tsima har ya zama mai bugarwa.

Na san ƙin amsa gayyata yana da nauyi ga baƙo. Duk da haka kada ka zauna a teburin da ake zagayawa da ita, kada ka saya wa kowa ko ka kai tsaraba, domin la'anar da Annabi (SAW) ya yi kan giya ta haɗa da mai saye da mai ɗauka. Ka ba su haƙuri cikin mutunci, ka gayyace su shayi ko abinci wata rana. Ruwan inabin kwali wanda babu barasa a cikinsa halal ne, sha abinka.

Allah ne mafi sani.