Amsa: Ƙarfen da aka sa wa ɗanki bayan cire kansar ƙashi

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin tambaya ko ƙarfen gwiwarsa zai iya jawo ƙwayoyin cuta. Zai iya. A irin wannan babban dashe, kusan mutum 1 cikin 10 kan gamu da hakan, musamman a saman ƙashin ƙwauri, inda tsoka ba ta da kauri. Ga kuma maganin ciwon daji da ke raunana garkuwar jiki.

Ƙwayoyin sukan manne a jikin ƙarfen su yi yauƙi, magani ya kasa ratsa su. Don Allah, in kin ga kumburi, zafi ko ruwa na fita a wurin da aka yi aikin, ko zazzaɓi, ku koma asibiti ranar nan. Kada ku sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis tukuna, yakan ɓata sakamakon gwajin gano ƙwayoyin.