Ga mai son karatun fashewar rana a ƙasar waje

Ƙanena, ka tambaya ko mai digirin fiziks zai samu gurbi a binciken fashewar rana, wato tartsatsin haske da ƙarfi da kan tashi kwatsam a jikinta, ta hanyar amfani da kumbo, kuma ta ina zai fara. Zai samu, amma kada ka nema hannu rabbana. Bayanan kumbunan SOHO, SDO da Solar Orbiter kyauta suke a intanet, malaman jami'o'in waje kuwa sun fi sauraron wanda ya riga ya yi aiki da su.

Ka koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da SunPy, kayan aikinsa na nazarin bayanan rana, sannan ka ɗauki fashewa guda ka bi ta har ƙarshe. Ta 10 ga Satumba 2017, mai ƙarfin X8.2 (X ne ajin fashewa mafi ƙarfi), ta dace, domin a gefen rana na yamma ta auku. Fara da ma'aunin eksire na taurarin ɗan'adam na GOES ka ga lokacin da ta kai ƙololuwa. Sai hotunan kyamarar AIA da ke kan SDO, waɗanda ake ɗauka duk daƙiƙa 12. Tasharta mai ɗaukar haske mai tsawon zango angistirom 131 ce ke nuna fulasma, wato iskar gas mai cajin lantarki, mai zafin digiri miliyan 10. Daga nan ka auna tsayin tulin fulasmar da rana ta watso, wato CME, a hotunan LASCO, na'urar da ke kan SOHO mai rufe fuskar rana don a ga kewayenta, ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da gudunsa.

A nan ake yawan tuntuɓe. Hasken babbar fashewa kan fi ƙarfin kyamarar AIA, sai adadin da ka karanta a tsakiyarta ya zama ƙarya. Furoton masu gudu kan bugi kyamarar LASCO su cika hoto da ɗigo-ɗigo. Mafi muni, LASCO gudun gefe kawai yake gani, don haka CME da ya nufo duniya sai ya yi kamar bai kai gudunsa na gaskiya ba. Shi ya sa na zaɓar maka ta gefe. Ka kuma dage da lissafin fulasma da maganaɗisu, domin tsinkewar layukan maganaɗisu da sake haɗuwarsu ne tushen fashewar.

Cibiyar Max Planck da ke Gottingen a Jamus tana biyan masu digirin digirgir albashi, amma sai kana da digiri na biyu. Jami'o'in Amurka kan ɗauki mai digirin farko, sai dai dokar ITAR, mai taƙaita ba wa 'yan waje fasahar tsaro, kan hana baƙo taɓa wasu na'urorin kumbo, don haka ka nemi ɓangaren nazarin bayanai. A Birtaniya sai ka samu takardar ATAS, wato izinin gwamnati na karanta wasu fannonin kimiyya, kafin biza, ka nema da wuri. Wasiƙarka ga malami ta tafi da shafi biyu na abin da ka auna.