Amsa ga ƙanena na Samaru kan zaɓen malamin digiri na uku

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce ka kammala digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, kana son fita waje ka yi digiri na uku a kan ciwon daji, kuma ka ga wani farfesa a Google Scholar, shafin neman takardun bincike, da wasu masu bincike suka ambaci ayyukansa sau dubbai, shi kake son rubuta wa. Na ji daɗi ƙwarai, amma tsaya mu yi magana a kan wannan lambar.

Ma'aunin ambato da ake kira h, wanda shafin ke nunawa, wani masanin kimiyyar fiziks ne, Jorge Hirsch, ya kawo shi a 2005. Idan aka ce na mutum 40 ne, to yana da takardu 40 da aka ambaci kowace aƙalla sau 40. Yana nuna an karanta mutum. Ba ya gaya maka ko zai zauna da kai ya duba abin da ka samo. Kuma a fannin ciwon daji ambato yana da yawa saboda masu bincike sun yi yawa, takardar Hanahan da Weinberg ta 2000 kan siffofin ciwon daji kaɗai an ambace ta sau dubun dubata. Mai nazarin muhalli da ya yi aikin ƙwarai ba zai kai kusa ba, ba don ya gaza ba.

Ni na bi babban suna lokacin da na zo Jamus. Shekarata ta farko ban gana da malamina ba sai jefi-jefi, kullum yana taro a wata ƙasa. Wata mata da ba ta yi suna ba, a ɗakin gwaje-gwajen da ke maƙwabtaka da namu, ita ta koya mini aikin da nake ci da shi yau. Don haka ka nemi tsofaffin ɗaliban mutumin, ka tambaye su shekara nawa suka yi, sunan wa ke gaba a takardunsu, kuma ina suke yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ka raina abin da ke hannunka. Denis Burkitt likitan tiyata ne a Yuganda. A 1958 ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara, sannan ya yi ta yawo asibiti-asibiti yana tambayar inda ake ganinsa. Sai ga shi cutar tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga samfurin wannan ƙarin aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Nan ciwon daji da ilimin muhalli suka haɗu, kuma a Afirka aka yi.

Mu ma muna da namu. Gyaɗa da masara idan aka adana su da danshi suka yi funfuna, suna ɗauke da gubar aflatoksin. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin dajin hanta yana ƙaruwa sosai. Kai kana da cibiyar binciken aikin gona a nan Samaru, ga asibitin koyarwa a Shika, ga rumbunan manoma a Giwa da Soba. Wani Baturen sai ya nemi kuɗin tallafi na shekaru kafin ya kai ga abin da kai za ka hau acaɓa ka je ka gani.

Ka karanta kuma aikin Robert Gatenby na cibiyar ciwon daji ta Moffitt a Amurka. Ya ari tunani daga yadda ake yaƙi da ƙwari a gona: idan ka yi ta feshi ba sassauci, masu jure wa magani ne ke saura su mamaye gonar. Shi ya sa yake gwada ba da maganin ciwon daji daidai gwargwado, ana tsayawa ana ci gaba. Ɗan manomi irinka zai fahimci wannan tun kafin a gama bayani.

Batun kuɗi, duba DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, da tallafin Commonwealth, ka fara da wuri domin takardun jami'a suna ɗaukar lokaci. Wasiƙarka ga malamin kada ta wuce shafi ɗaya, ka faɗi tambayar da kake son amsawa da takardarsa ɗaya da ka karanta da gaske. Turo mini sunayen mutum uku da ka zaɓa mu duba tare. Ka gaishe mini da Inna.