Shan asfirin kullum don rigakafin bugun zuciya

Ɗan'uwa, ka ce mahaifinka mai shekara 67 bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, kana tambaya ko ya fara shan ƙaramar asfirin kullum. A ganina kada ya fara da kansa.

Da can likitoci da yawa suna ba da wannan shawara, amma magana ta sauya. A 2018 an fitar da sakamakon binciken ASPREE, wanda aka yi kan tsofaffi sama da 19,000 masu lafiya a Ostareliya da Amurka. Asfirin ba ta ƙara musu shekarun lafiya ba, sai ma zubar jini da ta ƙara. Dalili kuwa, tana hana jini daskarewa, to haka take sa gyambon ciki ya yi ta tsiyaya a ɓoye. Mutum ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, jiri na ɗibarsa, bai san jini yake zubarwa ba. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya ce kada mai shekara 60 zuwa sama ya fara sha don rigakafi.

Wanda ya riga ya samu bugun zuciya fa, nasa daban ne, kada ya daina sai likita ya ce.

Don Allah ka kai Baba a auna hawan jininsa da sukari tukuna.