Tambaya da Amsa: Kalangu, zanen bango da ladan ɗinki a gidan Allah

Tambaya ta farko: Baba Malam, barka da aiki. Ni matashi ne haifaffen Zinder, kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙan ikkilisiyarmu. Na tsara waƙoƙin yabo da Hausa a kan wasu Zabura, da irin karin da kunnenmu ya saba da shi a gari, ina kuma kaɗa musu kalangu. Da na kai su wurin koyon waƙa na yammacin Asabar, sai wasu dattawa suka ce kalangu kayan roƙo ne, ba za a mai da gidan Allah dandalin biki ba, shugaban mawaƙa kuma ya ce a tsaya a kan waƙoƙin Faransanci da aka saba. Raina ya ɓaci har ina tunanin barin ƙungiyar. Shin wannan baiwa daga Allah take, ko in ajiye ta?
Ɗanku, daga unguwar Sabon Gari.

Amsa: Ɗana, kada ka bar ƙungiyar, kada kuma ka rataye kalangunka. Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu game da wannan ba, domin Zabura 33:3 ta umurce mu da mu raira wa Ubangiji sabuwar waƙa, mu kuma yi kiɗan da gwaninta, Zabura 150 kuwa ta lissafa kayan busa da na tsirkiya da na bugawa, har da rawa, ba ta ware ko ɗaya ba. A 1 Tarihi 15:22 an ɗora Kenaniya a kan sha'anin waƙa, kuma dalilin da aka bayar shi ne cewa ya iya. Saboda haka iya kiɗa ba abin kunya ba ne ga mai bi.

Sai dai ina so ka saurari dattawan nan da kyau, domin ba ƙiyayya ce ta sa su magana ba. Sun taso a garin da makaɗi yake da matsayi sananne, inda kakaki da algaita suke na fadar Sarkin Damagaram, goge yake tuna wa mutane da bori, kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan mata da gidan biki, kuma wanda aka kaɗa wa take ya san cewa sai ya sa hannu a aljihu. Masu bisharar farko da suka zo ƙasar nan, tun daga 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) waɗanda suka fara aiki a nan Zinder a 1924, sun kawo waƙoƙinsu na gida aka sa musu kalmomin Hausa, kuma da yawa daga cikinsu ba su saki jiki da ganga ba. Iyayenmu sun karɓi bangaskiya haɗe da wannan taka-tsantsan. Ga kuma wani nauyin da ba a cika faɗa a fili ba: mu tsiraru ne, ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, kuma dattijon da maƙwabtansa suka daɗe suna ce masa Kiristoci ba sa ibada sai kiɗa da rawa, yana jin zafin abin idan ya ga kalangu a gaban bagade.

A ganina, tsoronsu yana da tushe, amma sun ɗora shi a inda bai dace ba. Fatar akuya da itace ba su da laifi. Abin gudu shi ne al'adar da takan biyo kalangu, wato wasa mutum domin a samu abin hannunsa. Duk wanda yake zuwa bukukuwan coci ya taɓa ganin yadda lokacin baiko, wato lokacin da jama'a suke kawo kyautar kuɗi ga Allah, yake rikiɗewa: mai kiɗa ya hango wani ɗan kasuwa ya miƙe, sai ya ƙara wa kiɗan ƙaimi, mutumin ya taho yana taku ɗai-ɗai da takardar jaka goma a tsakanin yatsu, gwauruwa mai dala ashirin kuwa ta noƙe a kujerarta har a gama. Kalangu magana yake yi, kowane Bahaushe yana jin abin da yake faɗa, don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wa nake wasawa? In amsar ita ce Ubangiji shi kaɗai, ka riga ka kawar da rabin ƙorafin dattawa.

Ikkilisiya ma ta yi magana a kan wannan. Majalisar Vatikan ta Biyu, wato babban taron shugabannin Cocin Katolika na duniya, a takardarta kan sha'anin sujada ta ranar 4 ga Disamba 1963, ta ce al'ummomin da suke da nasu kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe na gado ya wajaba a girmama wannan gadon, a kuma ba shi wuri a cikin ibada. Amma takardar ba ta tsaya nan ba, kuma abin da ya biyo baya ne matasa sukan tsallake. Ta ce a shigo da kayan kiɗa da sani da amincewar hukumar ikkilisiya, ta ce a ɗebo kalmomin waƙa musamman daga Nassi da addu'o'in sujada, ta kuma roƙi masu tsara waƙa su tuna da ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa da dukan jama'ar da ke zaune. Ke nan ƙofa a buɗe take, amma da sallama ake shiga.

Yanzu bari mu zo kan waƙoƙin kansu. Kana da wata fa'ida da tsofaffin waƙoƙin fassara ba su da ita. Hausa harshe ne mai dogon wasali da gajere, mai hawa da saukar murya, kuma idan aka cusa kalmominsa cikin karin da aka tsara domin Turanci ko Faransanci, sai a ja gaɓar da ya kamata a datse, a datse wadda ya kamata a ja, har tsohuwar da ke zaune a baya ta kasa tsinto kalma ɗaya ko da yake da harshen uwarta ake rerawa. Wanda ya fara da kalmomin, ya bar kari ya bi su, ya tsira daga wannan. To ka jarraba aikinka haka: ka rera wa wata uwa daga ƙungiyar mata, wadda ba ta karatu, ba tare da ka karanta mata baitocin ba, sannan ka roƙe ta ta faɗa maka abin da ta ji. In ta maimaita maka saƙon Zaburar, waƙa ta yi. In kuwa ta ce kiɗan ya yi daɗi ta yi shiru, da sauran aiki a gabanka. Waliyyi Agustin, wanda shi ma ɗan Afirka ne, ya rubuta cewa duk lokacin da daɗin rerawa ya fi motsa shi a kan abin da ake rerawa, yakan ga ya yi zunubi, kuma wannan ma'auni bai tsufa ba.

Ka kuma tuna da waɗanda suke zaune tare da kai ranar Lahadi. Ikkilisiyar Zinder ba ta Hausawa kaɗai ba ce, akwai 'yan'uwa daga Benin da Togo da Burkina Faso da Najeriya, akwai ma'aikata da ɗalibai waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce kawai. Shugaban mawaƙanku yana riƙe da Faransanci ne domin shi ne ya haɗa su duka, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Maganin abin yana cikin salonmu na gargajiya, wato bayarwa da amshi: ka bar baitoci masu nauyi a bakin mai bayarwa, ka yi amshi gajere wanda baƙo zai kama a zagaye na biyu.

Ga shawarata ta aiki. Ka rubuta baitocin ka kai wa limamin cocinku ko malamin katikisim ya duba koyarwar da ke ciki. Kada ka fara da babbar Misar Lahadi, ka fara da taron addu'a na unguwa, ko bikin baftisma, ko daren Kirsimati, inda zukata suke a sake. Ka san lokacin da kiɗa yake ja da baya, domin a kwanakin azumin arba'in na kafin Ista ƙa'idar sujada ba ta yarda da kayan kiɗa ba sai dai don su tallafi murya. Sannan ka je gidan dattijon da ya fi kowa tsananta maka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙe shi ya koya maka wata tsohuwar waƙa da suka rera a zamaninsu. Ina kyautata zaton bayan wannan zai saurari taka.

Tambaya ta biyu: Malam, ni magini ne, na gaji sana'ar, kuma na iya zanen bango irin na gidajen Birni, tsohuwar unguwar Zinder. Ana gyaran wani ɗakin addu'armu, ina so in ƙawata fuskar ginin, amma kwamiti ya ce a shafa farar ƙasa kawai, kada mu jawo ido. Mene ne ra'ayinku?
Ɗan'uwanku, daga Zangon Zinder.

Amsa: Ɗan'uwa, mutum na farko da Nassi ya ce an cika shi da Ruhun Allah domin aikin hannu shi ne Bezalel, a Fitowa 31, kuma an ba shi Ruhun ne domin ya ƙirƙiro fasali, ya yi aikin zinariya da azurfa da tagulla, ya sassaƙa dutse da itace. Don haka wanda ya ce ado ba shi da gurbi a gidan Allah bai karanta Fitowa ba. Amma na fahimci kwamitinku. Wanda yake garin nan ranar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u da gine-ginen mishan sakamakon zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, ba zai manta ba, kuma ba ni da bakin da zan ce wa mutumin da ya kwana a barikin soja da 'ya'yansa tsoronsa ba shi da dalili.

Duk da haka ina ganin sana'arka ta fi farar ƙasa zama kariya. Abin da yake sa a ɗauke mu baƙi a garin haihuwarmu, har da irin gine-ginenmu da suke kama da an tumɓuko su daga wata ƙasa. Ginin da yake da zankwaye a kusurwoyi, da bakan gizo a ciki, da dagi da ganyaye da aka fitar da su a jikin yaɓe kamar yadda ake yi a Birni, yana gaya wa mai wucewa cewa masu ibada a nan 'yan gari ne. Irin wannan zane kuma ba shi da siffar mutum, saboda haka ba ya ɗaga hankalin maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda wasunsu ne suka ɓoye 'yan'uwanmu a gidajensu a waccan rana. Takardar 1963 da na ambata a sama ta faɗa a fili cewa Ikkilisiya ba ta ɗauki salon zanen wata al'umma guda a matsayin nata ba, ta kuma nemi kyau mai kwarjini, ba almubazzaranci ba. Siffofin waliyyai da hoton gicciye su zauna a ciki, inda masu bi suka san ma'anarsu, kuma kada su yi yawa. A waje kuwa gicciye ɗaya da aka saƙa cikin dagi a saman ƙofa ya wadatar. Ka zana abin da kake nufi a takarda, ka haɗa da lissafin kuɗin kaya da na gyaran da za a riƙa yi bayan damina, domin kwamiti ya fi yarda da abin da ya gani da ido. In har suka dage, ka nemi su ba ka bangon ciki na bayan bagade, ka fara daga nan.

Tambaya ta uku: Baba, ni tela ce. Ni nake ɗinka mayafin bagade da rigunan mawaƙa, kuma ba a taɓa tambayata ko nawa na kashe ba, sai dai a ce Allah ya saka. Laifi ne in nemi a biya ni?
'Yarku, daga Karkada.

Amsa: 'Yata, ba laifi ba ne. Matan da suka yi kaɗin zare domin alfarwa a Fitowa 35 sun yi ne da yardar zuciyarsu, kuma Tabita ta Ayyukan Manzanni 9 ta ɗinka wa gwauraye tufafi don ƙauna, amma kyauta tana zama kyauta ne idan mai ita ya zaɓi ya bayar. A 2 Sarakuna 12, lokacin da aka gyara Haikali a zamanin sarki Yowash, an biya masassaƙa da magina daga kuɗin da jama'a suka kawo, Littafin Firistoci 19:13 kuma ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Abin da nakan yi mamaki shi ne, ikkilisiya ba ta taɓa ce wa kamfanin wutar lantarki Allah ya saka ba, amma takan faɗa wa 'yarta mai keken ɗinki wadda take ciyar da yara da shi.

Ki rubuta kuɗin yadi da zare da na aikinki, kowanne daban, ki miƙa wa ma'ajin ikkilisiya kafin ki sa almakashi, ba bayan kin gama ba. Kuɗin kaya dai dole ne a mayar miki. Ladan hannunki kuwa naki ne, kina iya karɓa duka, kina iya barin rabi, kina iya cewa na Ista na bana baikonki ne, amma a rubuta shi a littafin kuɗi da sunan baiko domin kwamiti ya san abin da aikin yake ci, kada telar da za ta zo bayanki ta tarar an saba da samun ɗinki a banza.