Tambaya da Amsa: Kwamfutata tana ƙugi, tana mutuwa da kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu. Tun da hunturu ya kankama kwamfutata ta tebur take ƙugi kamar injin niƙa, wani lokaci ta mutu ana tsakiyar aiki. An ce ƙura ce. Yaya zan share ta ban yi ɓarna ba? Daga mai karatu, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamun ƙura ne kuwa. Idan ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), iskar fanka ba ta ratsawa. Zafi na haura digiri 90 sai kwamfutar ta rage gudu, in ya ci gaba ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Ka kashe ta, ka zare duk wayoyinta, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma ragowar wuta ta fita. Fitar da ita waje ka kwance sukurori biyun da ke riƙe da murfin gefe. Kafin ka kai hannu ciki, taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar. A busasshiyar iskar hunturu jiki na tara wutar nan mai tartsatsi idan ana tuɓe riga, ita kaɗai ta isa ta kashe RAM, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai.

Sai bulowa, na'urar hura iska. Ka hura kaɗan-kaɗan daga nisan santimita 20, kana riƙe da kowace fanka da yatsa. Nan mutane ke yin ɓarna: su bar iska ta wulwula fankar fiye da ƙa'ida, boris ɗinta ya lalace, ƙugin ya dawo ya fi na da. Ƙurar da ta manne a fikafikan fanka, sabon buroshin fenti mai laushi ne maganinta. Ban da busawa da baki, ban da jiƙaƙƙen tsumma, fetur kuwa ko kusa.

Akwatin wuta, wanda wayar soket ke shiga, ta ramukansa kawai za ka hura. Kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta ko an zare waya. Kada kuma ka ɗaga ƙarfen kan firosesa sai kana da sabon man da ake shafawa a tsakaninsu, ɗigo kamar ƙwayar wake, bayan ka goge tsohon.

Idan shago a bakin titi yake, ka share ta sau ɗaya a wata har hunturu ya wuce, bayan nan duk wata uku. Ka kuma ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora kan tebur, don a ƙasa take shaƙar ƙurar shara.